Ranar da Kurege Ya Sa Riga a Baibai

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu.

Ta zo mu ji ta, Malam.

To. Wannan na ji ta ne a bakin wata tsohuwa mai saƙar faifai, shekarar da na yi damina a wani ƙauye gabas da Gumel. Ko yamma ne? Ƙauyen dai akwai gawo da yawa. Abin da na manta ya tafi, abin da na riƙe ga shi.

Wani gari ne na namun daji. A tsakiyar garin akwai dandali, a tsakiyar dandalin akwai tsamiya, gefe guda kuma rijiyar gari. Dandalin nan na kowa ne. Kowace mace tana da dutsenta da take zama ta kasa kayanta. Kowane gida yana da igiyar gugansa a rataye a bakin rijiya. Mai kula da wurin Kunkuru ne, tsoho tukuf, shi ake ce wa Sarkin Dandali.

Kowace kaka, in an gama kai hatsi rumbu, sai a yi kalankuwa. Ranar tana da dokokinta. Ta farko, ba mai shiga dandali da riga mai datti. Kunkuru yana tsaye a bakin hanya yana dubawa, in ya ga tabo ya mai da kai gida, cin shekara ya wuce ka ke nan. Ta biyu, wanda aka yi wa rasuwa a gida shi ne yake zuwa da rigarsa a baibai, ɗinki a waje. Da an hango shi kiɗa zai tsaya, a zaunar da shi a tabarmar gari a gindin tsamiya, kowane gida ya kawo masa akushi, shi zai fara ci kafin kowa ya kai loma baki. Akwai ta uku. Ta ɓace mini yanzu, amma za ta zo.

A garin akwai Kurege. Bai yi noma ba bana, bai yi bara ba. Yana zaune da uwarsa, Inna Marka, mai ƙuli-ƙuli. Ita ke soya, ita ke ɗebo ruwa, ita ke tuƙa tuwo, shi kuwa nasa ci. Shekara arba'in ita take buɗe rawar kalankuwa da zanenta saƙi, ita da Kunkuru, don sa'o'in juna ne. Bana ƙafarta ta kumbura, ba ta iya takawa.

Da hantsi ta ce, “Kai ɗan nan,” don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, “ka je ka gaida Sarkin Dandali, ka ce ƙafa ce ta hana ni. Ka taho mini da ɗan dambu.”

Kurege ya ce, “To, Inna.”

Ya sa rigarsa fara, ita ke nan gare shi. Zai fita sai ya hangi tulun man gyaɗarta a bayan ƙofa. Ya ce bari ya ɗan lasa. Ya ɗan lasa, ya ƙara lasa, ya ɗaga tulun ya kafa baki. Mai ya kwararo tun daga wuyan riga har ciki.

Ya fita sumum, ya laɓe a bayan danga. Ya goga da ƙasa, tabo ya ƙara faɗi. Ya goga da ganye, tabo ya koma kore. Can kuma ga ganga tana kira, ga ƙamshin miya yana zuwa da iska. Sai ya tuɓe rigar, ya juya ta, ya mayar. Ya dubi ƙirjinsa, tabo ya dusashe. Ya ce, “Tsohon nan ai idonsa ya yi rauni.” Hankalinsa duka yana kan doka ta farko, ta biyu ko a ransa.

Yana sa ƙafa a dandali kiɗa ya ɗauke cak.

Mata suka ɗora hannu a ka. Aka ɗauki salati. Kafin Kurege ya buɗe baki an kama shi ta nan, an kama shi ta can, an zaunar da shi a tabarmar gari. Sai a lokacin ya dubi ɗinkin rigarsa, ya gane abin da ya yi.

Ya ce, “Jama'a, ku tsaya, ai ni…”

Sai aka dire akushi a gabansa, aka buɗe. Tuwon sabuwar dawa, miyar taushe, man shanu yana narkewa a kai yana gangarowa.

Kunkuru ya matso a hankali, ya ce, “Ɗana, wa aka rasa?”

Kurege ya dubi Kunkuru, ya dubi akushi. Aka dire na biyu, dambu ne da zogale. Aka dire na uku, farfesun kai.

Ya ce, “Inna.”

Kunkuru ya ɗauki salati. Sannan ya ce, “Jiya fa na gan ta a ƙofar gida. Yaushe?”

“Yau da asuba, Baba. Ƙafar nan ce ta hau.”

Kunkuru ya juya ga makaɗi, ya ɗaga hannu. Aka buga ganga sau uku, kowane bugu Kunkuru ya kira suna. Marka ta tafi. Marka ta tafi. Marka ta tafi. A na ukun muryarsa ta karye.

Aka ce, “Ci, maraya, ci ka ji sanyi.”

Ya ci, ya share hawaye, ya ƙara ci. Hawayen kuwa na gaske ne, don farfesun ya ji barkono. Aka kawo fura, aka ce, “Sha, maraya, sha ka ji sanyi.” Ya sha, ya share hawaye, ya ƙara sha.

Yana cikin ci sai ya ga mata biyu sun nufi dutsen da Inna take zama. Suka ciccibe shi, suka kife. Ya ga an je bakin rijiya, an zaro igiyar gugarta, an sa wuƙa an yanke. Loma ta tsaya masa a wuya. Ya kora da fura.

Sai ga Kura ta taso daga can bakin dandali, da baƙar rigarta, da makara a kafaɗa. Ita ke ɗaukar gawa a garin. Ita ke haƙa, ita ke binnewa, ita kaɗai, ba mai raka ta maƙabarta, haka aka tarar. Saboda aikin nan ba a barinta ta shiga inuwar tsamiya. A rana take tsayawa, in kowa ya ci a zuba mata saura a sakaina.

Ta ce, “Sarkin Dandali, ba a rawa da gawa a gari. Zan je in ɗauko, kafin rana ta karkata.”

Kurege ya miƙe zumbur. “Gwaggo Kura, bari in riga ki, in kintsa ɗakin.”

Kura ta ce, “Mu je tare, maraya. Kada ka faɗi a hanya.”

Suka tafi. Kurege ya yi sauri, Kura ta yi sauri. Kurege ya yi sanɗa, Kura ta yi sanɗa. Suka shiga gida, suka tarar da Inna Marka zaune a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, tana ɓarar gyaɗa.

Kura ta ajiye makara, ta ce, “Sannu da aiki, gawa.”

Inna Marka ta ce, “Wace gawa? Kai ɗan nan, ina dambuna?” Sai idonta ya sauka a kan ɗinkin rigarsa. Ta dubi riga, ta dubi makara, ta dubi cikinsa da ya yi tulu. Gyaɗar da ke hannunta ta zube.

Ta ce, “An buga?”

Kura ta ce, “Sau uku. An kife dutse, an yanke igiya.”

Yauwa, ga doka ta ukun nan ta zo mini. Kura ce ma ta faɗe ta. Ta zauna a kan turmi, ta ce, “Ni ba na gardama da ganga. Rigar baibai ba ta shiga dandali a banza, sai makara ta ɗauki wani. In kin mutu, Marka, hau mu tafi. In kuwa ƙarya aka yi, mai rigar ne zai hau. Ni duk ɗaya ne a wurina. Shi ya ma fi maiƙo yau.” Ta juya ga Kurege. “To, maraya. Uwarka tana da rai, ko ta mutu?”

Kurege ya dubi ƙasa. Ya ga tururuwa tana jan ɓawon gyaɗa, ya bi ta da ido har ta shige rami.

Inna Marka ta jira shi. Ta jira, ta jira. Sannan ta ce, “Na mutu. Da asuba na mutu, kamar yadda ya faɗa. Miƙo mini zanena saƙi, yana cikin adudu. Ba zan fita gari ranar kalankuwa da tsumma ba.”

Ya ɗauko, ya miƙa mata. Ta ɗaura, ta gyara kallabi, ta ja ƙafa ta hau makara ta kwanta, ta rufe ido. Ko kallonsa ba ta ƙara yi ba.

Kura ta ɗauki gaba, ta ce ya kama baya. Tsohuwar ba nauyi, kamar an ɗauki damin kara. Tuwon da ke cikin Kurege shi ya yi nauyi. Yana tafe yana tunani, yana tafe yana tunani. Ya tuna wata rana da ya je tonon gyaɗar da ya ɓoye a gefen maƙabarta, ya yi rami ya ɓulla cikin wani sabon kabari, ya tarar ba kowa a ciki. Ya ɓulla na kusa da shi, ba kowa. Bai gaya wa kowa ba a lokacin, don gyaɗar ta sata ce.

Da suka zo mararraba, hanyar dandali dama, ta maƙabarta hagu, sai Kurege ya dire nasa gefen, ya riƙe ciki.

“Wayyo, Gwaggo Kura. Wayyo asara.”

“Asarar me? Ɗauki mu tafi.”

“Akushi tara na ci, saura ashirin da wani abu. Na gidan mahauta ma bai iso ba. An ce cinyar rago ce sukutum, da ƙashin baya, da kitsen wutsiya. Ni kuwa ko ruwa ba shi da wuri a cikina. Kin san ba mai taɓa abincin tabarma sai mai baibai. A gindin tsamiya za a zubar.”

Yawu ya ɗigo daga bakin Kura. Ta ce, “Cinya sukutum?”

“Sukutum. Ke kuwa shekara nawa kina tsaye a rana? Wa ya taɓa ce miki ci ki ji sanyi? Sakaina fa, Gwaggo, kamar ba ke kike yi wa garin nan wahala ba.”

Kura ta ce, “Ko sannu ba sa yi mini.”

“To ki juya rigarki mana.”

“Ba a yi mini mutuwa ba.”

“Ni an yi mini ne? Gara ma ke. Ina mai gidanki da kika ce ya tafi fatauci Gwanja, kaka uku ke nan ko saƙo babu?”

Kura ta yi gyatsa ba ta shirya ba. Ta ce, “Wannan kam ba zai dawo ya ƙaryata ni ba.”

“Kin gani? Ki kira sunansa, ki ci cinya. Tsohuwar nan tana nan, ina za ta da ƙafa ɗaya? Ki ci can, ki dawo ki sami nan.”

Kura ta dubi makara, ƙashi da fata. Ta shinshina iska, nama da kitse. Ta ce duka biyu nata ne. Ta tuɓe baƙar riga, ta juya, ta mayar. Suka ajiye makara a inuwar wata bedi, suka nufi dandali.

Kiɗa dama bai tashi ba. Aka ga Kura da baibai, aka dubi juna. Doka doka ce, aka buɗe mata hanya. Ta shiga inuwar tsamiya karon farko a rayuwarta, ta zauna a tabarma ta baje. Aka dire cinya.

Kunkuru ya ce, “Baiwar Allah, wa aka rasa?”

Bakinta cike ta ce, “Mai gidana.”

“Ashe ya dawo daga Gwanja?”

“Ya dawo jiya, ya mutu yau.”

Aka buga ganga sau uku. Aka ce, “Ci, ki ji sanyi.” Ta ci, ba ta ko share hawaye ba, don babu.

Sai Kurege ya tashi, ya durƙusa gaban Kunkuru. Ya ce, “Baba, ina da tambaya, ni yaro ne. Mai makoki yana ɗaukar gawarsa da kansa?”

Kunkuru ya ce, “Ba ya ɗauka. Ba ya tashi daga tabarma sai akushi sun ƙare. Kai ma don yaro ne aka ƙyale ka.”

“To wa zai ɗauko mijin Gwaggo? Shekara da shekaru tana ɗaukar namu. Yau ɗaya ba ma rama mata ba?”

Jama'a suka ce wallahi yaron nan ya yi hankali, maraici ya gyara shi. Maza suka miƙe. Kura ta yunƙura za ta tashi, mata suka danna ta. “Zauna, zauna, yau ranarki ce. Ci ki ji sanyi.” Ta ce ɗakin a kulle yake. Aka ce za a ɓalle. Ta ce akwai duhu. Aka ce za a kunna jiniyar kara a haska. Ta zauna da cinya a hannu.

Ba a jima ba suka dawo. Ba su ɗauko gawa ba. Kowa ya rungumo tufafi. Wannan ya ce ga rigar ubana da aka binne shi da ita. Wannan ta ce ga zanen goyon ɗiyata. Barewa ta ɗaga wata 'yar hula ta ɗanta. Suka ce ƙasusuwa a ɗakin sun kai rufi, an jera su kamar itacen girki, na mijin yana can ƙasa, ya fi kowanne tsufa.

Sai wata ta ɗauki taɓarya.

Ba zan gaya muku abin da aka yi wa Kura duka ba, akwai ƙanana a nan. Da ƙyar ta fita da rai, ƙugu a karye, ta faɗa daji, ba ta ƙara kwana cikin gari ba.

Ana cikin haki sai Kurege ya jawo makara har bakin dandali. Inna Marka ta tashi zaune a kai, da zanenta saƙi. Wasu suka zura da gudu. Kunkuru bai gudu ba, ko da ya so ba zai iya ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya gane komai, sai ya kau da kai, ya yi magana da tsamiya.

Ya ce, “Mai ɗauka ta tafi, don haka yau makara ba ta ɗaukar kowa. Mai ƙarya ya sha.”

Kurege ya yi tsalle. “Inna, kin ji? Na fitar da mu!”

Kunkuru ya ci gaba, har yanzu da tsamiya yake. “Amma ganga ba ta haɗiye abin da ta faɗa. Wadda aka kira sau uku ba ta da dutse a nan, ba ta da igiya a rijiya, ba ta taka dandali. Wanda ya gan ta bai gan ta ba.” Hawaye ya bi wuyansa ya shige ƙoƙon bayansa. Ya ce wa makaɗi, “Buga. Bana ni kaɗai zan buɗe rawa.”

Kurege ya goya uwarsa ya kai ta gida. Da yamma yunwa ta dawo masa, ya ce, “Inna, ba a ɗora tukunya ba?”

Ta ce, “Matacciya ba ta tuƙa tuwo.”

“Randa ma ba ruwa.”

“Matacciya ba ta da guga.”

Tun daga ranar Kurege ne daka, Kurege ne surfe, Kurege ne roƙon aron igiya a bakin rijiya, ana ba shi ana tsaki. Ƙafar Inna Marka ta warke sarai, amma ba inda za ta. In ta zauna a ƙofar gida, ƙawayenta su wuce suna kallon sama. Kowace kaka in ganga ta tashi, sai ta ɗaura zanenta saƙi, ta zauna a bayan danga, tana kaɗa ƙafa ɗaya a ƙasa har a tashi.

Ta yi shekara shida haka, ko bakwai. Wata kaka, ana saura kwana ɗaya kalankuwa, ya kai mata kunu da safe, ya ce Inna, ba ta amsa ba. Ya ƙara cewa Inna.

Washegari ya juya rigarsa, ya tafi dandali. Kiɗa bai tsaya ba. Ya je gindin tsamiya, tabarmar gari tana naɗe a jingine, ba wanda ya shimfiɗa. Ya tsaya gaban Kunkuru, ya ce, “Baba, Inna ta rasu.”

Kunkuru ya ce, “Mun sani, ɗana. Ai ka ci tuwonta.”

Aka ci gaba da rawa. Kurege ya koma gida, ya naɗe ta a zanenta, ya ɗauka shi kaɗai. Ba mai haƙa a garin, da farcensa ya haƙa. Shi ya sa har gobe in kun ga kurege za ku gan shi yana tono, ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya duba ko wani yana zuwa, ya koma tono.

Kurunkus, kan ɗan ɓera ya faɗa tukunyar daddawa. Tsohuwar da ta ba ni ta ce akwai darasi babba a ciki, ta ma faɗa mini, amma ya bi hanya. Abin da ya rage mini shi ne, in har ya zama dole ka kashe wani da baki don loma, to ka duba da kyau, kada ya zama shi ne mai dafa maka.